Ɗan hakin da aka raina: darɓa, daga tukunyar wardi zuwa gonakin Korgom

Manoman ƙasar Korgom, cikin gundumar Tasawa ta jihar Maraɗi, sun san fara, sun san tsuntsaye masu cin hatsi, sun kuma san ɓeraye. Waɗannan maƙiya ne masu zuwa a fili. In sun sauka, gari duka yana sani, a yi shela, a aika wa hukuma. Akwai kuwa waɗansu maƙiyan da ba a jin motsinsu, ba su fi ƙwayar riɗi girma ba, suna laɓe a bayan ganye har sai ɓarna ta gama aukuwa. Babbarsu ita ce darɓa, mai bi mata kuwa shi ne jan gizo-gizo. Su biyun nan suna cin wake da gujiya da damana, suna cin kayan garka da rani, ba su kuma ƙyale ko furen da aka dasa a tukunya domin ƙawata tsakar gida ba. Wanda ya san halinsu yana iya kashe su da ruwa da sabulu da ɗiyan bedi tun suna kaɗan. Wanda bai sani ba sai ya jira har sun cika gona, sa'an nan ya garzaya kasuwa ya sayo gubar da za ta cuce shi, ta cuci iyalinsa, sau da yawa kuma ta bar ƙwarin suna nan.

Ƙasar Korgom da nomanta

Korgom tana kudu maso gabas da Tasawa, tana maƙwabtaka da Maijirgi da Hawandawaki da Baudeta, daga gabas kuma da ƙasar Kance ta jihar Damagaram. Iyakar Nijeriya ba ta da nisa, shi ya sa kayan kasuwannin can suke isowa kasuwannin nan ba tare da wuya ba. Jigawa ta fi yawa a wannan ƙasa. Hatsi da dawa su ne cimaka, wake da gujiya da riɗi da yakuwa kuwa su ne abin sayarwa. Ruwan sama yana sauka cikin wata uku zuwa huɗu, sauran watannin kuma sai abin da rijiya da tabki suka bayar.

Bayan farin shekarar 1984, wanda ya jawo yunwar da mutanen Maraɗi suke kira El-Buhari, gwamnatin Janar Seyni Kunce ta ƙarfafa noman rani a duk faɗin Nijar. Aka haƙa rijiyoyin garka, aka rarraba irin shu da salati da tumatir da albasa, garake suka yawaita a fadamu da bakin tabkuna. Wannan ya kawo abinci da kuɗi a lokacin da ba a girbin komai, amma ya kawo wani abu kuma wanda ba a lura da shi ba da farko. Inda aka sami ɗanyen ganye rani da damana, ƙwaro ma ya sami abinci rani da damana. Darɓar da take ƙarewa in ganyen gona ya bushe, yanzu sai ta koma garka ta yi zamanta, ta jira saukar ruwa.

Wardi ɗan ƙarami

Wardi baƙo ne a ƙasar Hausa, ko da yake sunansa da ƙanshinsa sun daɗe da isowa ta hanyar turare. Masu sayar da dashe a Yamai da sauran manyan birane suna da shi, kuma ma'aikata da ƴan kasuwa sukan saya su kai gida ko ƙofar biro. Daga cikin irinsa akwai wani ɗan ƙarami wanda tsawonsa bai cika wuce santimetir 50 ba, furensa kuwa kamar faɗin tsabar dala ashirin ko fiye da haka kaɗan. Asalinsa daga ƙasar Sin ne. Wajen shekarar 1917 wani mutum mai suna Roulet ya ga irinsa a tukunya bakin tagar wani gida a wani ƙauye na ƙasar Suwis, sa'an nan masanin tsirrai Henri Correvon na birnin Janeba ya yaɗa shi a 1922. A 1936 aka fitar da wani iri mai suna Tom Thumb, wanda Jan de Vink na ƙasar Holand ya haɗa. Daga baya Ralph Moore na Kaliforniya, a Amurka, ya fitar da ɗaruruwan iri masu launi dabam-dabam.

Abin da ya sa wannan ɗan fure ya cancanci magana a shafin manoma shi ne, maƙiyansa su ne maƙiyan garka, kuma duk abin da yake faruwa a gona mai faɗi cikin ɓoye, a tukunya ana ganinsa da ido. Wanda ya iya raya wardi ɗaya daga ɗari har ya ƙetare bazara, to, ya koyi rabin aikin tsare tumatir da wake.

Tukunyar ƙasa ta fi ta roba ko gwangwani, domin tana sanyaya saiwa. Tilas ne a huda gindinta, gama ruwan da ya kwanta yana ruɓar da saiwa. A haɗa rairayi da ƙasar fadama da takin gida wanda ya ruɓe sarai. Ɗanyen taki yana ƙona saiwa, yana kuma kiran gara. Wardi yana son ranar safe. Da bazara kuwa, daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi yake wuce awo 40, sai a ja tukunyar inda inuwa za ta rufe ta tun daga tsakar rana. A ba shi ruwa da safe, a gindi, in an taɓa ƙasar da yatsa an ji samanta ya fara bushewa. Furen da ya yi yaushi a yanke shi da wuƙa mai kaifi daidai saman ganye, domin sabon toho ya fito. Lokacin ɗari, daga Nuwamba zuwa Janairu, shi ne ya fi dacewa da yankar reshe a dasa, a sami sabon gindi.

Akwai abu biyu da masu fure da masu garka suke yawan kuskurewa. Na farko shi ne yawan takin zamani, musamman ure. Yana sa shuka ta yi toho mai laushi mai yawan ruwa, wanda shi ne abincin da darɓa ta fi so. Na biyu shi ne kawo sabon dashe daga birni a aje shi nan take cikin sauran. Ƙwari da yawa a jikin dashe suke tafiya daga gari zuwa gari. Domin haka sabon dashe, ko na wardi ne ko na tumatir ko na tattasai, a duba bayan ganyensa tun wurin saye, in kuma a tukunya yake, a keɓe shi mako biyu kafin ya shiga cikin ƴan uwansa.

Yadda darɓa take rayuwa

Masana sun ƙidaya irin darɓa fiye da 4,000 a duniya. Ta wardi koriya ce ko mai ruwan hoda, tana taruwa a kan toho da ƙullin fure. Ta wake da gujiya baƙa ce mai sheƙi. Ta shu tana da launin toka-toka, ta kankana da kuɓewa kuwa tana tsakanin rawaya da kore. Launi ya bambanta, amma halinsu ɗaya ne. Kowace tana da baki kamar allura, tana soka shi a jijiyar ganye tana tsotse ruwan shuka. Ganye sai ya nannaɗe, toho ya tsaya, fure ya zube tun bai ƙulla ba. Abin da ta tsotsa ya yi mata yawa sai ta fitar da shi, wani ruwa mai zaƙi mai danƙo, wanda yake manne wa ganye da hannun mai aiki. A kan wannan danƙo ne wani baƙin fumfuna yake tsirowa, ya rufe ganye kamar an shafa masa kunkunniya, ya hana shi cin rana.

Ƙarfin darɓa yana wajen haihuwa. A ƙasashe masu zafi macen darɓa ba ta bukatar namiji, ba ta kuma yin ƙwai. Ɗiya take haihuwa masu rai, dukansu mata, kuma cikin kamar mako ɗaya kowace ta isa haihuwa. Uwa guda tana iya haihuwar ɗiya 50 ko fiye. Wanda ya koyi lissafi a ajin yaƙi da jahilci yana iya yin wannan ƙidaya da kansa. In uwa ɗaya ta haifi 50, kowace cikinsu kuma ta haifi 50, an sami 2,500. In waɗannan ma suka yi haka, an sami 125,000. Wannan fa daga ƙwaro ɗaya ne, in babu abin da ya ci su. Sa'ad da wuri ya cika, sai a haifi masu fiffike, iska ta kwashe su zuwa wata gona, su sake sabon gida.

Kiyashi da tururuwa suna son zaƙin da darɓa take fitarwa, domin haka suna tsaronta kamar yadda makiyayi yake tsaron bisashensa, suna korar ƙwarin da suke cin ta. Duk wanda ya ga kiyashi suna hawa suna sauka a jikin wardi ko wake, to, ya juya ganye ya duba. Alama ce ta farko, tana kuma bayyana tun ganye bai nannaɗe ba.

Abin da ya faru a 1975

Tsofaffin manoman Tasawa da Mayahi da Kance ba su bukatar a gaya musu abin da darɓa take iyawa. Daga zamanin Turawa har zuwa farkon shekarun 1970, gujiya ita ce babbar dukiyar da Nijar take fitarwa waje, kuma kudancin Maraɗi da Damagaram su ne cibiyarta. A 1962 aka kafa kamfanin SONARA domin sayenta, a Maraɗi kuma akwai masana'antar mai ta Siconiger. Da kuɗin gujiya manomi yake biyan haraji, ya yi sutura, ya yi aure.

Fari ya raunana wannan noma daga 1968 zuwa 1974. Da ruwa ya komo, manoma suka shuka da kyakkyawan zato, sai a damanar 1975 baƙar darɓa ta sauka a gonakin gujiya na kudancin Nijar da arewacin Nijeriya. Tsotson da ta yi ba shi ne babbar ɓarnar ba. A bakinta tana ɗauke da ƙwayar wata cuta, wadda ake kira kuturtar gujiya. In ta soki gindi mai cuta ta koma kan mai lafiya, ta kai masa ke nan. Gindin da ya kamu sai ya tsugune, ganyensa ya ƙanƙance ya yi rawaya ya cure wuri ɗaya, in kuwa tun yana ƙarami ya kamu, ba a samun ko ƙwanso a gindinsa. A arewacin Nijeriya kaɗai an ƙiyasta cutar ta lalata wajen ektar 700,000 a wannan shekara. A Nijar ma amfanin gujiya ya faɗi ƙasa warwas. Fari da faɗuwar farashi sun riga sun sassare icce, darɓa ce ta kayar da shi. Manoma da yawa suka bar gujiya suka koma ga wake, dalar gyaɗar Kano ma ba ta sake tashi kamar da ba.

Darɓar wardi ba ita ce take ɗaukar wannan cuta ba, baƙar ta wake da gujiya ce. Gindin da ya kamu ba shi da magani, sai dai rigakafi. A shuka gujiya da wuri, da ruwan farko mai ƙarfi, domin ta yi ƙwari kafin darɓa ta yawaita. A shuka ta kusa da kusa, gama darɓa mai fiffike ta fi sauka a gonar da ƙasa take bayyana tsakanin gindi da gindi. Gindin da ya nuna alamar kuturta a tumɓuke shi a binne. Gujiyar da ta tsiro da kanta a garka da rani ita ma a cire ta, domin a kanta ƙwaron da cutar suke kwana har damana. Cibiyar binciken noma ta Samaru, a Zariya, tare da cibiyar ICRISAT, sun fitar da irin gujiya masu jure wannan cuta, waɗanda ake kira Samnut, kuma malaman gona suna iya nuna wa manomi irin da ya dace da ƙasarsa.

Jan gizo-gizo

Maƙiyi na biyu ya fi darɓa ƙanƙanta, da ƙyar ido yake ganinsa. Dangin gizo-gizo ne, ƙafafunsa takwas, yana zaune a bayan ganye yana tsotsa. Alamarsa ta farko ɗigo-ɗigo ne farare ko rawaya a saman ganye, kamar an yayyafa gari. Daga baya ganye ya yi launin ƙasa ya bushe, a ga wata saƙa siririya ta lulluɓe toho. Mai shakka sai ya shimfiɗa farar takarda a ƙarƙashin reshe ya kaɗa shi. In ya ga ƙura tana tafiya a kan takardar, to, shi ne.

Jan gizo-gizo yana son zafi da bushewa da ƙura, watau ƙarshen hunturu da bazara, kuma cikin irin wannan yanayi yana girma daga ƙwai har ya fara nasa ƙwan cikin kwana goma ko ƙasa da haka. Yana cikin manyan maƙiyan wardi ƙarami. A garka kuwa akwai wani irinsa wanda asalinsa daga Amurka ta Kudu ne, ya bazu a Afirka, yana cin tumatir da yalo da dankalin Turawa. Abin da ba ya so shi ne ruwa. Wanke bayan ganye da ruwa mai ƙarfi, da safe, sau biyu ko uku a mako, yana rage shi ƙwarai. Ganyen da ya lalace a tsinke a ƙone, in an gama tsinkar tumatir kuma kada a bar karansa a tsaye.

Akwai abin mamaki game da wannan ƙwaro, wanda masu garka da yawa sun gani da idonsu. Sau da yawa bayan an yi feshi ne yake ƙaruwa. Dalili kuwa shi ne, yawancin magungunan ƙwari da ake samu a kasuwa ba domin shi aka yi su ba. Ba su kashe shi, sai dai su kashe ƙananan halittun da suke cin sa, su bar masa fili.

Abokan manomi

Ba kowane ƙwaro ne maƙiyi ba. Akwai wani ɗan ƙwaro mai zagayayyen baya kamar rabin ƙwayar wake, ja ko rawaya mai baƙin zane, wanda babban abincinsa darɓa ce. Shi da tsutsarsa, mai kama da ɗan ƙaramin kada, kowanensu yana cin gomman darɓa a yini. Akwai tsutsar wani ƙuda mai kama da zuma, ita ma darɓa take ci. Akwai ƙoƙi-ƙoƙi da gizo-gizon gona. Akwai kuma waɗansu ƴan zanzaro ƙanana ƙwarai masu saka ƙwai cikin jikin darɓa. Wadda aka saka wa sai ta kumbura ta bushe ta yi launin ƙasa. Mai gona in ya ga irin waɗannan busassun a bayan ganye, ya san cewa abokansa sun fara aiki, kada ya yi gaggawar feshi.

Jihar Maraɗi ta riga ta ga amfanin irin wannan yaƙi a gonar hatsi. Murzuna, watau tsutsar da take sassaƙa zangarniya tana barin hanya a murɗe, ta zama babbar annoba a Sahel tun bayan farin shekarun 1970. Daga 2006 masanan INRAN, cibiyar binciken noma ta ƙasa da aka kafa a 1975, mai babban reshe a Tarna kusa da Maraɗi, suka shiga kiwon wani ɗan zanzaro mai suna Habrobracon hebetor, suna sakinsa a ƙauyuka. Ana sa shi cikin ƴan buhunan algarara tare da hatsi da tsutsar da zai hayayyafa a kanta, a rataye su kusa da gonaki lokacin da hatsi yake fitar da kai. Ƴaƴansa in sun fito sai su bi murzuna har cikin zangarniya su kashe ta. Daga baya Jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo ta Maraɗi da cibiyar ICRISAT ta Sadore suka shiga cikin aikin. Ba a fesa ko ɗigon guba ba, aka kuma tsirar da hatsi a ƙauyuka masu yawa.

Magani yana ƙofar gida

Iccen bedi, wanda waɗansu suke kira dogon yaro, daga ƙasar Indiya ya fito, amma yau babu garin da ba shi da shi a kasuwa ko makaranta ko bakin hanya. A 1959 wani masani Bajamushe, Heinrich Schmutterer, ya lura a ƙasar Sudan cewa fara ta cinye kowane ganye ta bar na bedi. A 1968 masana a Ingila suka ware sinadarin da yake yin wannan aiki, wanda ya fi yawa cikin ƙwallon ɗiyan. Ba ya kashe ƙwaro nan take. Yana hana shi ci, ya hana shi girma, ya rage masa haihuwa, shi ya sa sai bayan kwana biyu ko uku ake ganin aikinsa.

Ga yadda ake haɗa shi. A tsinci ɗiyan da suka nuna suka yi rawaya, a wanke naman, a shanya ƙwallon a inuwa har ya bushe sarai. A aje shi cikin buhun algarara ko kwando, ban da leda, domin kada ya yi fumfuna. Ranar da za a yi aiki a daka giram 500, watau rabin kilo, a jiƙa cikin ruwa litar 10, a bar shi ya kwana. Kashegari a tace da ƙyalle mai laushi, a narka ɗan farin sabulu a zuba domin maganin ya kama ganye. A fesa da marece, gama rana tana kashe ƙarfinsa, a kuma tabbata ya jiƙa bayan ganye inda ƙwarin suke. Wanda ba shi da famfon feshi yana iya yayyafawa da tsintsiya mai laushi. A sake bayan kowane mako har ƙwarin su ƙare. Turmin da aka daka bedi a keɓe shi, domin ɗacinsa ba ya fita da wuri.

In darɓa ba ta yi yawa ba, ko bedin ma ba a bukata. A tukunyar wardi ana murje ta da yatsa, ko a wanke ta da ruwa. Ruwan sabulu kaɗai, kamar giram 100 na farin sabulu cikin litar 10, yana kashe wadda ya taɓa. Sabulun gari na wanki kuwa yana ƙona ganye, a guje shi. Kowane haɗi aka yi, a fara gwada shi a kan ganye kaɗan, a jira kwana ɗaya a gani. Waɗansu suna ƙara dakakken tonka ko tafarnuwa. Ruwan taba yana kashe darɓa, amma shi guba ne ga mutum, yana kuma iya kai cuta ga tumatir da tattasai, domin haka kada a kusantar da shi ga kayan miya.

Gubar kasuwa

A kasuwannin ƙauye ana sayar da magungunan ƙwari a kan tebur, kusa da gishiri da magi, waɗansu ma an ɗura su cikin kwalaben da ba su da takarda. Da yawa daga cikinsu sun ƙetaro iyaka ba tare da izini ba. Wanda ya fi suna shi ne piya-piya, mai sinadarin diklorbos, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa cikin jerin masu haɗari ƙwarai. Tun 1994 ƙasashen ƙungiyar CILSS, har da Nijar, suka kafa kwamiti ɗaya mai mazauni a Bamako domin bincika magungunan gona kafin a ba su izini. Wanda ya sami izinin yana ɗauke da lamba a jikin takardarsa, wadda take ƙarewa da kalmar SAHEL.

A nan ne karatu yake ceton rai. A gindin takardar kowane maganin kirki akwai layi mai launi. Ja yana nufin guba mai tsanani, rawaya mai haɗari, shuɗi mai sauƙin haɗari, kore kuma shi ne mafi sauƙi. Akwai awon da za a zuba cikin ruwa, akwai sunan shukar da aka yi shi dominta, akwai kuma adadin kwanakin da za a jira tsakanin feshi da tsinka. Mai garkar da ya fesa shu ko salati yau ya kai kasuwa jibi, ya sayar wa mutane guba ne, kuma iyalinsa ne suke fara ci. Haka nan maganin da aka yi domin auduga ba na ganyen miya ba ne.

In ƙwari sun fi ƙarfin ruwa da sabulu da bedi, sai a je gidan gona, a nemi malamin gona ko ƴan feshin gari waɗanda aka horar, a nuna musu ganyen da ya kamu. Mai feshi ya rufe jikinsa da hancinsa da hannuwansa, ya ba iska baya, kada ya ci ko ya sha ko ya tauna goro yana cikin aiki, in ya gama ya yi wanka da sabulu. Yara da mata masu ciki su nisanci wurin. Kwalbar da ta ƙare a huda ta a binne nesa da rijiya, kada a mai da ita ta ruwa ko ta mai. Wanda ya ji ciwon kai da jiri da zufa da dalalar miyau bayan feshi, a tuɓe masa tufafin, a wanke shi, a kai shi gidan likita tare da kwalbar. Kada a ba shi nono ko mai, kada kuma a sa shi amai da gangan.

Aikin kowa

Hausawa sun ce ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Yaƙi da darɓa ba ya bukatar jirgin sama ko kuɗi masu yawa, yana bukatar a zagaya gona ko garka sau biyu a mako, a juya ganye goma ko ashirin daga sassa dabam-dabam, a duba. Amma fa darɓa mai fiffike ba ta san iyakar gona ba. In mutum ɗaya ya tsare tasa, maƙwabcinsa ya bari, aikin ya koma baya. Domin haka ya kamata masu garka na fadama ɗaya su sa ranar dubawa tare, su tara ɗiyan bedi tare tun lokacin zubarsu.

Waɗanda suka fito ajin yaƙi da jahilci suna da babban rabo cikin wannan aiki. Su ne za su karanta wa ƴan uwansu takardar magani, su auna giram da litar daidai, su rubuta ranar da aka fara ganin ƙwaro da ranar da aka yi feshi, domin malamin gona in ya zo ya sami abin dogara. Magadan gari da sarakuna da masu gari su sa ido a kan abin da ake sayarwa a kasuwanninsu. Malaman makaranta kuma, in da tukunyar wardi ko ɗan fangalin wake a harabar makaranta, su tara yara su juya musu ganye, su nuna musu darɓa da kiyashin da suke tsaronta da ɗan jan ƙwaron da yake cin ta, domin yaron da ya gane su a tukunya zai gane su a gonar ubansa tun damana ba ta yi nisa ba.